Kaset ɗin Baba da gonar bakin tsamiya

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Sabo, wanda ƙauyukanmu na wajen Gezawa suka sani da mai lasifika. Shi ke haɗa sauti a wurin tafsiri da walimar saukar karatu. Allah Ya ji ƙansa. In na tuna shi, wani kaset ɗaya ne ke fara zuwa mini.

A shekarar da ruwa ya ɗauke gero bai nuna ba, Babanmu ya kwanta ciwon ajali. Ya sa Yaya Sabo ya kawo rakoda, su biyu a ɗaki. Bayan sadakar bakwai aka kunna, ba a jin komai sai tari. In an ƙara murya, tarin ya nemi tsaga lasifika. In an rage, maganar ta ɓace. Yaya Sabo ya ce Baba cewa ya yi gonar bakin tsamiya ba tamu ba ce, aro ce daga mahaifin marayun gidan Malam Tanko, a mayar musu. Baffa Idi, ƙanin Baba da muke gandu ɗaya da shi, ya ce shi bai ji haka ba. Ita ce kuwa gonar da ta ba mu ɗan abin da muke ci a shekarar.

Yaya Sabo yana da wani ƙaramin akwati da yake sa wa muryar malamai. Ya taɓa bayyana mini aikinsa: duk abin da ya yi ƙara sai ya danne shi, ya kafa masa iyakar da ba zai wuce ba, sannan a ɗaga sautin gaba ɗaya, mai raɗa ya matso kusa da mai ihu. Ta cikinsa ya bi da kaset ɗin a zauren mai unguwa, mu mata muna saurare ta bayan zana. Tarin ya lafa. Numfashin Baba ya fito, har da kukan kajin tsakar gida, sannan muryarsa: "Aro ce. A mayar."

Baffa Idi ya miƙe. "Kai ka sa masa magana a baki! Da wannan akwatin naka za ka ciyar da mu?"

Yaya Sabo ya ce, "Baffa, zo mu gwada. Ka yi raɗa, Liman kuma ya riƙa tafa hannu."

Aka yi haka, aka ɗauka a kaset, aka bi da shi ta akwatin. Sai ga muryar Baffa tar a gaban jama'a, yana cewa, "Yaron nan zai kashe mu da yunwa." Ba wanda ya yi dariya. Baffa ya zauna.

An mayar da gonar. Har kaka ta zagayo sau ɗaya muke ɗora tukunya a rana, kuma ban ɓoye ba, ni ma na yi kwanaki ba na gaishe da Yaya Sabo da sakin fuska.

Yau jikokina na nuna mini a waya yadda ake ƙera muryar mutum ta faɗi abin da bai faɗa ba. Nakan ce, da a yau ne Yaya Sabo ya yi wannan aikin, wa zai yarda da shi? Wataƙila Baffa ne zai yi nasara.

Akwatin yana ɗakina, ya daina aiki. Marayun sun girma, suna noma gonarsu. Duk sanda na wuce tsamiyar nan nakan yi wa mutum biyu addu'a: Baba da ya kwanta ba haƙƙin kowa a wuyansa, da ɗan da ya tsaya sai da aka ji shi.