Durƙuson Baba

Babanmu ya ƙarar da ƙarfinsa wajen ɗaukar ƙarafa a reluwe, gwiwarsa ta dama kuwa ba ta yafe masa ba. Ina koyarwa a wata firamare a Minna lokacin da ciwon ya kai shi ga riƙe sanda.

Mahaifiyarsa, kakarmu, tana ɗakin ƙurya a gidanmu na Tudun Wada, idonta ya daɗe da tafiya. Kullum da safe yakan durƙusa gabanta, ta miƙa hannu ta dafa hularsa, sannan ta amsa gaisuwa. Da gwiwar ta ƙi, sai ya koma gaishe ta a tsaye. Ita kuma ba ta daina miƙa hannun ba, ta lalubi iska ta mayar da shi kan cinyarta. Ni dai abin yana ci mini rai.

Mai ɗori a Dutsen Kura ya yi tsaga, ya shafa mai, a banza. Daga ƙarshe na raka shi asibitin ƙashi a Kano. Likita ya ce hanya mafi sauƙi ita ce a haɗe gwiwar ta miƙe ɗungurungum, ciwo ya ƙare.

"Likita, ƙafar da ba ta lanƙwasa ai taɓarya ce," in ji Baba.

"Baba, a shekarunka me za ka yi da lanƙwasa?"

"Ina da uwa."

Likitan bai yi dariya ba. Ya sa shi ya kwatanta yadda yake durƙuson, ya sake ɗaga hoton ƙashin, ya nuna mana cewa ɓangaren ciki kaɗai ya cinye. Ya ce zai sa ƙarfe da roba a nan, ya bar sauran yadda Allah ya yi shi, amma bai yi alkawarin komai ba.

Bayan aikin mun sha mita. Baba mutum ne mai taurin kai, wannan karon dai taurin ya yi rana: watanni yana lanƙwasa ƙafar a zaure, yana gumi, yana korar mai cewa ya huta.

Wata safiya ya sa na ninka masa bargo gaban kakarmu. Ya dafa kafaɗata ya sauka a hankali. Ta miƙa hannu kamar kullum, sai ga hula. Ta daɗe ba ta ɗauke hannun ba.

"Sannu da zuwa," ta ce, alhali tun damina ya dawo daga Kano.