Sunan Baba a Jikin Bango

Babanmu kafinta ne, shekara talatin a rumfa ɗaya. Kullum da fensir saƙale a kunne, ya iya lambobin awo kamar ruwa, shi ya sa duk unguwa ta ɗauka ya iya karatu. Bai iya ba, kuma gara ya sare yatsa da a sani. Daga ni sai Mama muka san wannan.

Ranar zaɓe ranarmu ce ni da shi. Zai karkaɗe garin katako daga gemu, ya sa rigar fita, mu taka zuwa firamaren da ake liƙa sunaye a bango. Ni zan bi layin da ido, in na gano nasa in ɗora yatsa a hankali, shi kuma ya gyara murya ya ce, "Ga ni nan," ya faɗi lambar da ke gefen sunan da ƙarfi. Tun ina aji uku muke haka. Ina kewar takun nan har gobe.

Da na shiga jami'a, kai ya ɗauki zafi. Wata tara nake yi a can, famfon ɗakunanmu ba ruwa, titinmu duk rami. Na mayar da rajistar zaɓena can, na zo hutu ina ta zuba bayani.

Baba yana goge ƙafar kujera, bai ɗago ba. "Malama, mutum ai a gidansu yake zaɓe."

"Baba, inda nake shan wahala nan ya kamata in zaɓa. Kuma jarrabawa ta matso."

"To bangon fa?" ya ce ƙasa-ƙasa.

"Ka tambayi ma'aikatan mana, aikinsu ne."

Ya ce to. Ni da bakina kamar reza, na ɗauka na ci gardama.

Ranar zaɓen, na jefa ƙuri'ata cikin ƙawaye, muna ta ɗaukar hoton yatsunmu da aka shafa wa tawada. Da la'asar na kira shi. Ya ce, "Mun yi, lafiya lau. Ke ba su wahalar da ke ba ko?"

Sai bayan rasuwarsa Mama ta ba ni sauran labarin, muna ninke kayansa. Ya je da sassafe, ya tarar ma'aikatan duk yaran unguwa ne da ya ƙera wa iyayensu gado. Ya tsaya gaban bango ya goya hannu a baya, yana gyaɗa kai kamar mai dubawa, har rana ta take. Daga nan ya wuce rumfa, ya shafa wa farcensa baƙin fentin katako, ya fito ya zauna cikin maƙwabta.

Har yanzu ina ganin ɗalibi ya yi zaɓe inda yake zaune, ban sauya ra'ayi ba. Amma na tambayi Mama me ya sa ba ta faɗa mini ba.

"Shi ya hana," ta ce. "Wai ya ji muryarki a waya, kina ta murna."