Abin da 'Yata Ta Gaya wa Malamarsu

Ni 'yar fari ce, kuma har mahaifiyata ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" take ce mini, ko "waccan". Abin bai dame ni ba, don a ƙauyenmu kowace uwa haka take kunyar ɗan fari. Ga kuma kaka da gwaggonni, wannan ta goya ni, waccan ta yi mini kitso tana yi mini kirari.

Aure ya kawo ni Agege, inda maigidana yake sana'ar fawa. A gidan haya na haifi 'yata ta fari, maƙwabtanmu kusan duk Yarbawa. Na riƙe ta yadda aka riƙe ni. Ba na kiran sunanta, ba na jan ta a jiki a gaban mutane, in ta yi abin kirki sai in kau da kai. Na manta cewa a nan ba ta da kaka, ba ta da gwaggo. Kullum kuma tana ganin matan gidan ana kiran su da sunan 'ya'yansu na fari, suna amsawa da fara'a.

Tana shekara biyar malamarsu ta aiko kirana. Dattijuwa ce Bayarabiya, tana jin Hausa sama-sama. Ta ba ni kujera, ta ce, "Hajiya, yi haƙuri, ke kika haifi yarinyar nan?"

Na ɓata rai na ce, "Wace irin tambaya ce wannan, Malama?"

Ta ce jiya ta tambayi yara wa ya fi son su. Kowa ya ce mamarsa. 'Yata ta ce mai burodin bakin layinmu, don ita ce take kiran ta da suna. "Ta ce kin manta sunanta. Ta roƙe ni kada in gaya miki, wai za ki ji kunya."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na fara kame-kame, ina cewa al'adarmu ce, kara ce, ba ƙiyayya ba.

Ta ce, "Ni na gane, na tsufa. Ita shekararta biyar."

A hanyar gida ina riƙe da hannunta, sau uku ina buɗe baki sunan yana maƙale mini a wuya. Sai da muka tsaya jiran wata motar haya, danfo, ta wuce sannan na faɗe shi, can ƙasa-ƙasa. Ta waiga hagu, ta waiga dama, tana neman mai kiran ta. Ko kaɗan ba ta kawo ni ce ba.

Na durƙusa a bakin titi na sake faɗa. Ta zuba mini ido, ta ce, "Malama ce ta tuna miki?"

Na gyara mata hijabi, muka tsallaka.