Rijiyar da muka ɗora wa laifi

A gidanmu na Zangon Sokodé akwai wata rijiya da aka rufe da siminti tun ina budurwa. Mun rufe ta ne saboda mun yi imani ita ke lalata mana mutane.

Kakanmu na wajen uba ya fara. Ban san shi da lafiya ba, na taso ne na same shi zaune a zaure, yana dariya ba dalili, can kuma sai kuka. Daga shi sai Gwaggo, sai Baffa. Sannan Baba, yana da shekara hamsin da ɗoriya. Da fari ciwon kai ne na gefe ɗaya. Wata safiya bakinsa ya karkace, kafin azahar ya koma daidai, muka ce iska ce. Daga nan ya fara jan ƙafa, magana ta yi nauyi, har ya kai ana tuna masa raka'ar da yake ciki. Shekara bakwai muna kallo yana tafiya kaɗan-kaɗan.

Maƙwabtanmu 'yan ƙabilar Kotokoli suka ce ruwan gidan ne, wai an haƙa rijiyar a mugun wuri. Muka karɓa hannu bibbiyu. Inna ma tun kafin Baba ya kwanta ta yarda da maganar, shi ya sa ana yaye yayana ta miƙa shi riƙo wurin Kawu a Dapaong, don kada ya sha ruwan. Ni kuwa mace ce, aka ce ai aure zai fitar da ni da wuri. Abin haushin, Inna ta sha ruwan nan shekara da shekaru, ta tsufa da hankalinta garau, tana zagin jikoki da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Ko sau ɗaya ban tsaya na tambayi kaina dalili ba. Ban so in sani ba ne, gaskiya ke nan.

Na yi aure, na kama sayar da atamfa a babbar kasuwa, na haifi uku. Duk wanda ya tayar da zancen ciwon gidanmu sai in hayayyaƙo masa: "Rijiya ce, kuma an rufe ta! Ku nemi wani abin gulmar."

Bara matar Yaya ta kira ni a waya. Ta ce in zo, Yaya ya faɗi a kasuwar shanu, an kai shi Lome an ɗauki hoton kansa, sun dawo. Na hau mota zuwa Dapaong ina ce wa kaina hawan jini ne, mutum mai cin nama kamar kura.

Ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa, ya sauke ni a ƙofar gida. Yaya ya taso zai tarbe ni, sai na ji silifas ɗinsa a kan siminti, shaa, shaa. Innalillahi! Tafiyar Baba ce sak. Jakata ta suɓuce ta faɗi. Wannan fa mutumin da bai taɓa shan ko moɗa ɗaya daga rijiyarmu ba.

Washegari na raka su asibiti. Likitan ya ɗaga hoton a jikin taga, ya nuna mana wasu tabo farare, warwatse kamar an barbaɗa gari a kan baƙin faranti. Ya ce a can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani farin sashe, ta nan saƙo ke bi daga wannan ɓangare zuwa wancan, zuwa ƙafa, zuwa harshe. Ƙananan jijiyoyin jini ke ciyar da shi. In tsufa ya zo, mutane da yawa sukan sami tabo kaɗan a wurin, amma na Yaya sun yi yawa, kuma sun zo da wuri. Sai ya juyo gare ni.

"Hajiya, akwai wanda ya taɓa yin irin wannan a danginku?"

Na fara lissafo masa su da yatsu. Ina kaiwa na huɗu ya ajiye biro. Na yi sauri na ce, "Amma likita, rijiya ce." Bai yi mini dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ce shi a ganinsa a jini yake, gado ne. Wani ɗan yakan ɗauka, wani ya tsira. Ya ce in kula da hawan jini, kuma in na shirya akwai gwajin da za a yi mini.

Na ce, "Magani fa?"

Ya ce za a rage masa wahala dai.

Shekara biyu Yaya ya ba ni, biyu kacal. A hanyar dawowa Sokodé hannuna na dama ya yi sanyi don na danne shi da jaka, wallahi sai da na kusa kurma ihu a cikin mota. Ina ta motsa yatsu, ina kiran sunayen 'ya'yana a zuci don in ji ko suna nan. Har yau in kaina ya sara, ko na manta inda na ajiye almakashi, gumi ne yake keto mini. Tsoro nake ji, ba na ɓoyewa. Gwajin kuma ban je ba tukuna.

Kafin in taho, Yaya ya riƙe mini mayafi, ya ce da nauyin harshe, "Kada ki gaya wa yara. Bar su da rijiyar." Na ce to. Na riƙe maganar sati uku, na kasa. Mu aka bari da rijiyar, me ta tsinana mana?

Babbar 'yata ta zo rumfata da hantsi, goye da jaririnta ɗan wata huɗu. Na ce ta ja kujera. Na faɗa mata komai, tun daga Kaka har hoton da aka ɗaga a taga. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta kwance goyon, ta dawo da yaron kan cinyarta, ta daɗe tana shafa kansa.

"Mama," ta ce, "har da shi?"

Ni da ba a taɓa ƙure ni da magana a kasuwar nan ba, na ce mata, "Ban sani ba."