Shan Hantsi a Ƙofar Sito

Shekara uku na yi ina riƙe da makullin wani sito a bakin garin Tambuwal, kuma a cikin ukun nan sau ɗaya taki ya kwana a cikinsa. Shi ma na aro ne, don bikin ƙaddamarwa aka kawo shi. Aka jera buhuna a ƙofa, babban baƙo ya ɗora wa wani tsoho ɗaya a ka, aka ɗauki hoto, aka tafa. Da baƙi suka watse aka sauke wa tsohon kayansa, aka ba shi lemon kwalba. Washegari motar da ta kawo takin ta kwashe shi zuwa garin da za a yi biki na gaba.

Siton na wani shiri ne na tallafa wa manoman Tambuwal da Kebbe da takin zamani da iri da maganin feshi. Aikina in karɓi kaya in raba. Ranar da shugabanmu ya miƙa mini makulli, doka ɗaya ya kafa mini.

"Kada ka kuskura ka ce babu," in ji shi. "Babu tana ɓata sunan shiri. Duk wanda ya tambaye ka, ka ce yana hanya."

Da farko abin bai yi mini wuya ba. Nakan fito da benci in zauna a ƙofa, mutane su zo daga Dogon Daji da Sanyinna da ƙauyukan Kebbe, kowa da buhunsa a naɗe a bayan babur, in ce musu yana hanya, su yi godiya su tafi. Amma aka yi shuka, aka yi noman farko, aka shiga maimai, kaya na nan a hanya. Rannan wani dattijo ya dube ni cikin ladabi ya ce, "Malam, wace hanya ta? Ka faɗa muna mu tai mu tarbe shi, ko ya gaji." Aka yi dariya, ni ma na yi, amma daga ranar na mayar da bencina ciki.

Dabarar da na yi, har yanzu ina jin kunyarta kuma ina ɗan yaba kaina. Na bar ƙaton kwaɗo a babbar ƙofa, na riƙa shiga ta ƙaramar ƙofar baya. Ina idar da sallar asuba sai in hau babur da kular abincina, in shige kafin gari ya gama wayewa. Azahar da la'asar a ciki nake yinsu. Ba na fitowa sai an kira magariba. Siton ba shi da taga sai wasu ramuka can sama kusa da kwano, inda jemagu ke shige da fice. Na ɗauka da damina ta wuce zan huta, ashe masu noman rani na fadama, 'yan albasa da shinkafa, su ma suna da ƙafa. Ranar Juma'a kuwa sai in zuba babbar riga, in naɗe kai da fuska, in tafi masallacin da ba a san ni ba. A ƙasar da rana ke dafa ƙwai a kan kwano, na yi fiye da shekara biyu ba ta taɓa fatata ba.

Ta ramin ƙusa a jikin ƙofa nake kallon manoma suna zaune a gindin dogon yaro, kuma ina jin duk abin da suke faɗa a kaina. Babu wanda ya yarda siton fanko ne. Wa zai sa wa fanko kwaɗo irin wannan? Sun gama yanke hukunci cewa taki na ciki maƙil, ina jiran ya yi tsada in karkatar da shi kasuwa.

"Kun ga yadda yay yi fari?" in ji wani. "Wanga hasken ba na albashi na ba."

"Tafiyatai ma ta sake," wani ya amsa. "Yanzu rangaji shika yi kamar mai gari."

Rangajin gaskiya ne, amma ba na ƙasaita ba ne. Ƙuguna ne ke ciwo, da cinyoyi, da ƙashin baya. Tun ina tashi daga sujada da dafa gwiwa har na koma dafa bango. Hawa babur ya zama aiki. Ina da shekara arba'in da 'yan kai, amma in na zauna a tabarma sai na yi shawara da jikina kafin in miƙe.

Duk wannan da sauƙi a kan abin da na yi wa yayana. Shi ke riƙe da gonarmu ta gado a Fakku, shi ya yi mini karatu da geron gonar nan, kuma duk kaka sai ya aiko mini da rabona ko ban taɓa fartanya ba. Al'adarsa, da rani yakan shirya da wasu Fulani su zauna da shanunsu a gonar na 'yan makonni, ya ba su hatsi, su bar masa taki. A shekara ta uku shugabanmu ya rantse mini cewa bana kam an sa hannu, tirela har an yi mata lodi. Ni kuma ina son sau ɗaya a rayuwa in zama ƙanen da ake alfahari da shi. Na kira Yaya na ce kada ya wahalar da kansa, ya bar Fulani su wuce, buhu biyu nasa ne. Ya ce to. Shanun suka sauka a gonar maƙwabcinsa. Ruwa ya sauka, ya yi shuka, ya fara kirana duk bayan kwana biyu, ni kuma ina ba shi amsar da nake ba kowa.

Maiɗakina ta ce ciwona bakin manoma ne. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, na sha saiwoyin maganin sanyi har cikina ya gaji. Daga ƙarshe na tafi wani asibiti a Sakkwato, aka ɗebi jini. Likitar, wata yarinya da ba ta kai ƙanwata ta uku ba, ta duba takarda ta dube ni.

"Baba, aikin me kake yi?"

Na ce harkar noma. Ta kalli tafin hannuna mai laushi. Ta ce sinadarin bitamin D ne ya yi ƙasa a jikina sosai, shi ne ke taimaka wa ƙashi ya yi ƙwari, kuma mafi yawansa daga hasken rana jiki ke samunsa. Ta ce ta saba ganin haka ga matan da aka rufe tsakar gidansu da kwano, da yaran da ƙafafunsu suka gwame, amma ma'aikacin noma daga Tambuwal, ni ne na farko. Ta rubuta ƙwayoyi, ta ce in ci ƙwai da kifi da nono, sannan kullum in sha hantsi, hannu da ƙwauri a buɗe. Wato na biya kuɗin mota har Sakkwato don a gaya mini in zauna a rana.

Na kai takardar zuwa ƙaramin asibitin unguwarmu, inda aka ce ana ba da irin ƙwayoyin kyauta. Mai ba da magani ya karanta, ya gyara hula, ya dubi wani wuri sama da kafaɗata ya ce suna hanya. Ban yi fushi ba. Na gane kallon, don nawa ne. Na je kemis na saya.

Ƙwaya da sauƙin haɗiya, hantsin ne matsala. Gidan hayarmu an rufe tsakar gidansa da kwano, mai gidan yana ganin ci gaba ne. Bayan sito inuwa ce har azahar, ga juji. Wuri ɗaya hantsi ke sauka sosai, shi ne babbar ƙofa, wadda ke kallon gabas da kuma gindin dogon yaro. Na yi mako biyu ina leƙen hasken nan ta ramin ƙusa, ban fita ba.

Kuskurena na gaba shi ne kai wa shugabanmu takardar likita don neman hutu. Hutu bai samu ba, amma ban taɓa ganin mutumin yana murna haka ba. Ya ce wannan babbar matsala ce ta al'umma, kuma irinta masu ba da tallafi ke so. Ya rubuta sama, sama ta rubuta wa ɓangaren lafiya, aka kafa kwamitin haɗin gwiwa. Abin da taki ya kasa yi a shekara uku, ƙashina ya yi shi a wata ɗaya. Aka kira taron bita a wani ɗakin taro mai labule masu kauri da na'urar sanyaya ɗaki, aka yini ana jawabi a kan amfanin rana, aka tashe ni tsaye a matsayin misali, da ƙyar na miƙe, aka tafa mini. Wani mai jawabi ya ce abin farin ciki ne yadda manomanmu ke samun isasshiyar rana a wuraren jiran kayan noma, ya kamata a rubuta wannan cikin nasarorin shiri. Na duba fuskarsa ko wasa yake yi, na ga ana rubutawa. Matan da likitar ta ambata da yaransu, babu wanda ya tambayi yadda za a kai gare su. Aka tsayar da shawarar buga takardun wayar da kai.

Da yake ba a da wurin ajiya, kuma kowa a ofis ya san inda ke da fili, sai aka turo takardun sitona. Motar farko ke nan da ta tsaya a ƙofar tun wadda ta kwashe takin biki. Kafin direba ya kashe inji, labari ya kai kasuwa. Muka sauke kwalaye cikin gaggawa ta ƙofar baya, wanda hakan ya ƙara tabbatar wa kowa cewa abin ɓoyewa ne. Da yamma Yaya ya kira ni cike da murna. Ya ce ya ji mota ta iso, gero ya fara ja amma in aka sa masa yanzu zai farfaɗo, gobe da safe yana tafe.

Da na ajiye wayar na ji tsoro irin wanda ban ji ba a gaban likita. Washegari na shiga ta baya kamar kullum, na zauna a kan kwalaye, na ga ba ni da sauran ƙaryar da za ta kai azahar. Da hantsi ya ɗaga na zagaya, na buɗe kwaɗon, na tura ƙofofin nan biyu har bango. Na jawo benci, na naɗe hannun riga da ƙafar wando, na zauna a rana.

Mutanen gindin dogon yaro suka taso. Suka shiga ɗaya bayan ɗaya, ina jin takunsu yana amsa kuwwa a ciki, suka buɗe kwali, suka fito. Na zaci za a zage ni, har na shirya. Dattijon nan mai son tarbo taki a hanya ya tsaya a kaina ya ce, "Ashe kai ma jira kaka yi." Sai suka tayar da baburansu suka tafi neman abin yi, wasu ma har da yi mini sannu.

Yaya ya iso a bayan ɗan acaba, da buhu biyu a naɗe a hammata da igiyar ɗauri. Ya dubi ƙwaurina a waje, ya dubi ƙofa a buɗe, ya shiga. Ya daɗe a ciki, fiye da yadda ganin fanko ke bukata. Ya fito da takarda ɗaya a hannu, mai hoton rana tana murmushi.

"Mi anka rubuta nan?"

"An ce a riƙa zama cikin rana, Yaya. Don lafiyar ƙashi."

Ya dubi hannuwansa, waɗanda rana ta gasa shekara sittin, ya ninke takardar ya ajiye a kan benci.

"Ina takin?"

"Babu."

"Tun yaushe?"

"Tun da anka ba ni makulli."

"Da nika kiranka kana ce min shina hanya, ka san babu?"

Na ce na sani. Na fara kawo maganar shugabanmu da dokarsa da tirelar da aka yi wa lodi, ya ɗaga hannu.

"Ni ban san shugabanku ba," in ji shi. "Gwamnati ta daɗe tana faɗi, ban taɓa korar saniya ɗaya saboda ita ba. Kai kac ce."

Ya juya zai tafi, na yunƙura in raka shi, ƙuguna ya ƙi. Na sake yunƙurawa, na koma. Ya tsaya yana kallona, sannan ya dawo ya sa hannu a hammatata ya ɗaga ni tsaye, ya riƙe ni har ƙafafuna suka zauna. Ya ce in riƙa cin abinci. Ya hau babur da buhunansa yadda ya zo da su.

Geron bai farfaɗo ba. Da kaka duk da haka ya aiko mini da rabona, kuma na san daga bakin 'ya'yansa ya cire shi. Ni kuwa na ci gaba da shan hantsi a ƙofar sito a buɗe, shugabanmu ya yi faɗa ya gaji, kafin sanyi ya shigo na daina dafa bango. Muna gaisawa da Yaya kamar da, ina zuwa Fakku, muna ci a kwano ɗaya. Sai dai tun daga shekarar, duk maganar da na faɗa masa, ko ta farashin gishiri ce, sai ya ce to, sannan ya nemi wani ya tambaya.