Hirar da Ba Mu Watsa Ba

Har yau ban manta da ranar da aka tura ni unguwar Arba wa Nus da ke gefen Alƙahira in yi hira da Ustaza Istar ba. Lokacin ina cikin shekarata ta biyu a wani ƙaramin kamfanin fassara da ɗaukar murya a unguwar Hadayek el-Maadi, bayan na gama karatuna a Alƙahira. Cikin ayyukanmu akwai shirin mako-mako da muke haɗa wa wani gidan rediyon Kiristoci a Nijeriya, inda ake tattaunawa da marubutan ƙagaggun labarai na Kirista don masu jin Hausa su san sababbin littattafai. Ni Musulmi ne, amma ni kaɗai ke jin Larabci da Hausa a ofishin, don haka aikin ya faɗo kaina.

Tsarin aikin ba ya canzawa. Sai na karanta littafin tukuna, in tsara tambayoyi, darektanmu Ustaz Majdi ya duba. Daga nan in je in ɗauki hirar da Larabci, in fassara, in ɗora muryata ta Hausa a kan ta marubucin. Idan an gama a tura Nijeriya, a kuma sa a intanet. Ƙa'idar gidan ita ce duk abin da marubuci ya faɗa bayan an kunna rakoda ya zama na shirin.

Ustaza Istar 'yar Sudan ce daga duwatsun Nuba, tana koyarwa a makarantar 'ya'yan 'yan gudun hijira. Littafinta na farko ke nan. Labarin wata mata ne mai suna Marta, wadda ta gudu daga yaƙi tare da ƙanwarta da tsohuwarsu. Da tsohuwar ta kasa tafiya, Marta ta ajiye ta a gindin bishiya ta wuce. Sauran littafin rayuwarta ce a Alƙahira. Tana zuwa coci kowace Lahadi, amma idan aka tashi karɓar Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabi da masu bi ke karɓa a gaban coci, sai ta zauna a kujerarta. Sai a shafin ƙarshe ƙanwar ta kama hannunta ta kai ta gaba. Yawancin littattafan da nake karanta wa shirin wa'azi ne da aka sa wa rigar labari. Wannan kuwa bai yi mini wa'azi ko sau ɗaya ba.

Na hau mikrobas, ƙaramar motar haya, da hantsi, na same ta a ɗakinta a saman wani bene da ba a gama shafe shi ba. Wata dattijuwa ta kawo mini jabana, wato gahawar Sudan mai citta, ta koma kicin. Na kunna rakoda. Hira tana tafiya daidai har na zo tambayar da nake yi wa kowane marubuci.

"Ustaza, a ina kika samo Marta?"

Ta rage murya. "Ita ce ta kawo maka gahawa. Yayata ce, Hanna. Ba ta karatu, ba ta san abin da ke cikin littafin ba."

Ta ci gaba. Ta ce tun da suka baro gida ba su taɓa ta da maganar tsohuwarsu ba. "Na kasa yafe mata a gida, sai na yafe mata a takarda."

Da na koma ofis Ustaz Majdi ya saurari wurin sau biyu.

"Tamam, ya Haruna. Wannan shi ne shirin. Da shi za ka buɗe."

Na ce masa yayar ba ta sani ba.

"Da Hausa za a watsa, a Nijeriya. Wa zai ji a Arba wa Nus?"

Na bayyana masa cewa unguwar cike take da Hausawan Sudan, kuma suna bin duk wani shirin Hausa da ke intanet. Mai shagon da ke ƙasan benensu ma da Hausa muka gaisa. Ba wuya wata maƙwabciya ta tare Hanna a bakin famfo da labarin.

Ustaz Majdi ba mugun mutum ba ne. Mai shiri ne da ke da gurbin da dole ya cike. Ya ce matar ta san rakoda a kunne take, kuma ba yarinya ba ce. Amma ya yarda in koma in kunna mata kafin ranar turawa. In ta amince, khalas, ba sauran magana.

Na koma washegari. Ustaza Istar ta saurari muryarta har ƙarshe, ta daɗe tana kallon rakodar. Na ɗauka za ta ce a yanke wurin kawai. Sai ta ɗaga murya ta kira yayarta.

Hanna ta fito tana goge hannu. Ustaza ta ce in sake kunnawa. Na ce ko in ba su wuri, ta ce in zauna. Bayan an gama, Ustaza ta ba Hanna labarin littafin a taƙaice da bakinta.

"Haka kika rubuta?" in ji Hanna. "Na ajiye ta na wuce?"

"Haka na gani. Na waiwayo, kina tafe ke kaɗai."

"Kina can gaba tare da yaran gidanmu. Tun asuba tsohuwa take goye a bayana. Ta ce in sauke ta, na ƙi. Ta sake cewa, na ƙi. Sai ta cije ni." Ta dafa kafaɗarta ta hagu ta saman mayafi. "Ba ta saki ba sai da na durƙusa. Ta ce in bi ki, kada yaran su mutu saboda ita."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Ba ki taɓa tambaya ba."

Babu wadda ta yi kuka a gabana. Hanna ta ɗauki kofunan ta koma kicin. Ustaza Istar ta ce, "Ma'alish, ka yi haƙuri Ustaz Haruna, a janye hirar gaba ɗaya." Na haɗa kayana na sauko.

Ustaz Majdi bai ji daɗi ba. A makon muka maimaita wani tsohon shiri, gidan rediyon kuma ya yi ƙorafi. Amma bai matsa ba, kuma daga lokacin ya ƙara mataki a tsarinmu: kowane marubuci sai ya saurari hirarsa kafin a tura.

Bayan wasu watanni Ustaza Istar ta zo ofis da kanta muka yi sabuwar hira, a kan littafin kaɗai. Ita muka watsa. Da na kashe rakoda na tambaye ta ko za ta gyara labarin idan an sake bugawa. Ta ce ta so, Hanna ta hana. Wai a bar Marta yadda take, akwai matan da suka ajiye nasu da gaske, su ma suna bukatar littafi.

Ku da kuke fara wannan aiki, za ku ga marubuta suna saurin sakin jiki da wanda ya karanta littafinsu da kyau. Sukan manta da rakoda, su faɗi abin da suka ɓoye a bayan labari. Ba duk abin da aka faɗa maka ba ne aka ba ka. Mutanen da ke cikin ƙagaggen labari sau da yawa suna raye, wani lokaci a ɗakin da ke kusa, kuma ba a ji ta bakinsu ba tukuna.