Tulun Iya da Rim ɗin Sabo

Bari in faɗa da bakina kafin maƙwabta su riga ni: wawan wannan labari ni ne, duk da furfurata, duk da karatuna na aji huɗu da nake taƙama da shi a majalisa.

Muna yara a Limawa, idan sanyi ya shigo, kakarmu Iya takan hura wuta da karan dawa a ɗakinta bayan isha'i. Mu kewaye ta, ni da yayata Abu da 'yan maƙwabta, hayaƙi na sa mu hawaye, ita kuma tana tura gyaɗa cikin toka da tsinke. Ba ta fara tatsuniya sai ta ga kowa ya naɗe ƙafa.

Wadda ta fi zama mini ita ce ta wata mata mai tulu ɗaya tal. Tulun ya fara zufa, ruwa na tsattsafowa ta jikinsa, daga baya ya yi tsaga siririya kamar gashi. Kowa ya ce ta yar. Ta ƙi. Ta jiƙa ɓawon ɗorawa, ta dama da toka, ta shafe shi ciki da waje, ta bar shi ya bushe a inuwa. A nan Iya takan ɗaga tsinken, ta rage murya: “Ta cika shi fal, 'yan nan. Ko ɗigo. Ta zauna tana kallonsa tana dariya.”

A kan wannan na gina rayuwata. Ban taɓa yar da buta ba, ban taɓa yar da takalmi ba.

Bara ɗana Sabo, da ke ɗaukar fasinja daga Dutse zuwa Kafin Hausa, ya ce tayar motarsa ta gaba kullum sai ta kwana a sace, alhali babu ƙusa. Na bi shi wajen mai faci a Takur, a matsayin ƙwararre. Aka buga mata iska, aka shafa ruwan sabulu, sai ga kumfa na tashi daga jikin rim ɗin, ƙarfen da taya ke zaune a kai. Mai facin ya ce ƙananan hujojin nan ana gogewa a shafe da gam ta ciki, amma ga wata tsaga a gefe, ita ko a kai walda ko a canza. Sabo ya ce zai ajiye motar har ya samu wani rim.

Na gyara hula, na ba su labarin tulu daga farko har inda na sani. Na ce a shafe duka. Sabo ya sunkuyar da kai. Wane ɗa ne zai musa wa ubansa a gaban mutane?

Tayar ta riƙe iska har na fara yawo da labarin. Ran wata kasuwa, mota cike da mutane, Sabo ya faɗa rami, rim ɗin ya dare, suka gangara cikin gonar gero. Allah ya tsare rai, amma ƙafar Sabo ta dama ta karye wuri biyu. Likita bai yarda ya ce zai sake taka birki da ita ba.

A barandar asibiti Yaya Abu ta same ni, ta zauna ba ta ko amsa gaisuwata ba. Na fara kare kaina. Na ce ƙaddara ce, kuma ni abin da Iya ta koya mana na bi, matar nan ai tulunta bai ƙara zuba ba.

Ta juyo ta dube ni.

“A zaune ne bai zuba ba. Washegari ta ɗauke shi a ka, da goyo a bayanta, ya fashe a kan yaron. Kai ina za ka sani? Gyaɗa na ƙarewa kake barci.”